Na Safe Ne Kaɗai Ke Tafiya: Yadda Fayiloli Suka Riƙa Ɓacewa a Wani Shagon Buga Takardu a Garwa

Shagon da kwamfutarsa

Shagon yana bakin titi a unguwar Yelwa, cikin Garwa, irin waɗanda ake rubuta wa "Secrétariat" a saman ƙofa. Ana buga rubutu, ana fotokwafi da sikanin, ana haɗa wa ɗalibai takardun jarrabawa da na neman aiki. Mai shagon wata Hajiya ce da ta daɗe tana aikin sakatariya kafin ta buɗe nata. Ma'aikaciyarta ɗaya ce, wata budurwa mai saurin hannu, ita ke buɗe ƙofa da ƙarfe bakwai da rabi na safe. Sai ɗan yayan Hajiyar, ɗalibi, wanda duk abin da ya shafi kwamfuta shi ake nema. Hajiya ta yarda a rubuta wannan labari da sharaɗin ba za a kama sunan kowa ba.

Kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da shagon: laftof ta hannu, ram giga 8, faifan ajiya irin mai juyawa na giga 500, da Windows 10 cikin Faransanci. Saboda wuta aka zaɓi laftof. Kaso mai yawa na wutar arewacin Kamaru daga madatsar ruwa ta Lagdo yake zuwa, a kan kogin Binuwai, kuma idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, ɗauke wuta kan yi yawa. Mai batir ko ba komai zai samu ya adana aikinsa kafin allo ya yi duhu.

Ni gyara nake yi, kuma sai a tsakiyar lamarin aka kira ni. Abin da ya gabaci zuwana na tattaro shi ne daga bakin su ukun da kuma littafin ciniki na shagon.

Disamba: an raba faifan gida uku

Asalin ciwon kan shagon bairos ne. Filash, wanda a nan muke ce wa kile, yana yawo daga ofis zuwa makaranta zuwa shago, ya kwaso cutar nan mai ɓoye foldoji ta bar wasu alamomi masu kama da su, ana dannawa ta shige kwamfuta. Sau biyu cikin shekara guda aka sake zuba Windows saboda ita.

Ɗalibin ya kawo shawara mai ma'ana. A ɗora Ubuntu 20.04, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban, a gefen Windows. Duk kilen da abokin ciniki ya kawo a buɗe shi a Ubuntu, inda irin wannan bairos ba ya iya motsi, a kwafe takardar da ake so kaɗai, sannan a koma Windows domin Word da firinta. Ya raba faifan uku: giga 150 na Windows, wato C, giga 80 na Ubuntu, ragowar, wajen giga 230, ya zama D a tsarin NTFS, wato tsarin da Windows ke jera fayiloli a faifai da shi, tsakar gidan da kowanne ɓangare ke shiga ya ajiye ko ya ɗauka.

Bairos dai ya kwanta. Abin da aka fara gani sabo shi ne agogo: duk sanda aka dawo Windows daga Ubuntu sai a tarar yana baya da awa guda. Dalilinsa mai sauƙi ne. Ubuntu na ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin UTC, Windows kuma tana ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gari, ga shi Kamaru tana gaban UTC da awa ɗaya. Wannan bai da alaƙa da ɓatan fayiloli, amma daga baya ya taimaka wajen sa wa mutane a rai cewa kwamfutar ce ta fara tsufa.

Janairu: D ya ƙi karɓar kaya

Wata safiya budurwar ta tada Ubuntu, ta buɗe kilen wani, ta kwafo takarda, ta shiga D, sai ta ga "Coller", wato zaɓin ajiye abin da aka kwafo, ya dushe ba ya dannuwa. Tana ganin duk abin da ke ciki, tana iya buɗewa, amma ba ta iya ajiye komai. Ta kira ɗalibin. Ya duba intanet a wayarsa, cikin minti biyar ya samo umarni ɗaya da mutane da yawa suka ce ya yi musu aiki: `sudo ntfsfix` a kan ɓangaren D. Ya gwada, D ya buɗe. Washegari abin ya dawo. Domin kada a riƙa kiransa yana aji, sai ya naɗe umarnin cikin wata 'yar alama a fuskar allo, ya sa mata suna "Buɗe D".

"Gwaggo, an gama," ya ce wa Hajiya. "Duk ranar da ya ƙi, ta danna wannan sau biyu, shi ke nan."

A cikin watan an yi 'yan ƙananan ɓata, amma ba wanda ya ɗauke su komai. Masu kile suna zaune a kan benci suna jira, idan ba a ga takarda a Windows ba sai a ce ba ta kwafu ba ne, a sake kwafowa.

Fabrairu: ɓata biyu da ba su ɓoyu ba

A makon farko wani malamin makaranta ya zo tun da sassafe da fayiloli 6 na tambayoyin jarrabawa. Aka kwafe su zuwa foldar "CLIENTS" a gabansa, ya gansu da idonsa, ya karɓi kilensa ya hau mashin zuwa Pitowa, da alkawarin zai dawo da yamma ya ɗauki bugaggu. Da aka shiga Windows, babu su babu alamarsu. Aka koma Ubuntu, nan ma babu. Da yamma malamin ya tarar ba a buga ko shafi ɗaya ba.

Na biyun ya fi zafi. Wata ɗaliba ta kawo kundin kammala karatunta rubutun hannu, budurwar ta kwana huɗu tana buga shi, shafi 84. Ranar da za a fitar, foldar da yake ciki ta ƙi buɗuwa, Windows ta ce "Le fichier ou le répertoire est endommagé et illisible", wato fayil ko foldar ta lalace ba ta karantuwa. Bayan an sake tada kwamfutar, allo ya ɗan tsaya yana nuna cewa ana bincike da gyaran D. Da ta gama tashi foldar ta buɗe, amma rabin kayan ciki babu, har da kundin.

Hajiya ta sa budurwar ta sake buga shi daga farko, bayan tashi daga aiki, ba tare da ƙarin ko sisi ba. Dare uku ta yi a kai.

Ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris: abin da aka gwada

An fara da zargin bairos, tunda shi aka sani. Aka sayi rigakafi mai lasisi, aka bar shi ya kwana yana bincike, bai samo abin kirki ba. Ɗalibin ya gwada umarnin `attrib` da ake fito da foldojin da bairos ya ɓoye, babu abin da ya fito. Aka leƙa kwandon shara na Windows da kuma na Ubuntu, wanda ke zama a ɓoye cikin D da suna `.Trash-1000`. Duka wayam.

Sai zargi ya koma kan mutum. Hajiya ba ta fito fili ta ce ma'aikaciyarta na goge aikin mutane ba, amma ta fara zuwa shago da wuri, ta canza kalmar sirri, ta kuma tambayi maƙwabcin shago ko wani na shigowa wurin yarinyar da safe. A unguwa irin tamu, wannan tambayar kaɗai ta isa.

Daga nan aka kai kwamfutar wurin wani mai gyara a babbar kasuwa. Ya ce Windows ce ta lalace, ya goge C ya zuba sabuwa a kan sefa 5,000. Zubin ya tafi da jerin zaɓin da ke fitowa in an kunna, wato GRUB, sai da ɗalibin ya kwana yana dawo da shi. Kwana uku bayan haka takardun wani ɗan kasuwa suka ɓata. Mai gyaran ya ce to faifan ne ya mutu, a sayi sabo. Kafin ta fidda wannan kuɗin ne Hajiya ta ce bari a ji ta bakin wani.

Mako na biyu na Maris: littafin ciniki

Abu na farko da na duba lafiyar faifan ne, ta bayanan SMART da faifai ke ajiyewa game da kansa. Babu gurbin da ya lalace, babu wanda aka sauya wa wuri, babu wanda ke jiran sauyi. Faifan tsoho ne amma lafiyarsa ƙalau.

Ina cikin wannan ne budurwar ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, na safe ne kaɗai ke tafiya."

Ashe ta faɗa wa Hajiya haka tun a Fabrairu. Sai dai da yake ita kaɗai ce a shagon da safe, maganar kanta ta koma. Na roƙi a ba ni littafin ciniki. Hajiya tsohuwar sakatariya ce, kowane aiki tana rubuta shi bi da bi, da sunan mai shi da abin da ya biya. Muka zauna mu uku muka sa alama a kan duk aikin da aka tuna ya ɓata tun daga Janairu. Fayiloli 41 muka lissafa. Talatin da uku daga ciki suna cikin layukan farko na ranarsu, wato kwafin farko bayan buɗe shago. Sauran 8, har da kundin ɗalibar, tsofaffin fayiloli ne da ke zaune cikin foldar da aka zuba wa sabon kaya a irin wannan safiyar. Aikin da aka kwafa da rana ko da la'asar, ko ɗaya bai ɓata ba, alhali kuwa a kullum ana tsallakawa tsakanin Windows da Ubuntu sau uku ko huɗu.

Na tambayi yadda ake rufe kwamfutar da dare.

"Ni da kaina nake rufewa," in ji Hajiya. "Arrêter, wato kashewa, yadda aka koya mana. Ban taɓa danne maɓalli na kashe ta da ƙarfi ba."

Da rana fa, in za a tsallaka Ubuntu? Budurwar ta ce "Redémarrer", wato sake tadawa, take dannawa. Na tambaye ta ko da rana ma sai ta danna "Buɗe D". Ta ce a'a, da rana D da kansa yake buɗewa, da safe ne kaɗai yake gardama. Na ce a nuna mini alamar. Na buɗe cikinta na ga layi ɗaya tak.

Nan take na ce kada a ƙara ajiye komai a D. Na tada kwamfutar daga nawa kilen, na ɗauki hoton ɓangaren gaba ɗayansa da `ddrescue` zuwa wani faifan waje. Ya ci mana yini guda. Duk wani bincike da ya biyo baya a kan wannan kwafin aka yi shi.

Washegari: gwaji uku

Na ƙirƙiri fayilolin banza guda goma na sa a kile. A gwajin farko na bi sawun safiya daidai: na buɗe foldar gwaji a Windows, na danna "Arrêter", na tada Ubuntu, D ya ƙi rubutu, na danna "Buɗe D", na kwafa goman, na koma Windows. Foldar ta nuna abin da ke cikinta tun kafin a kashe, sababbin babu ko ɗaya. A gwaji na biyu na fita Windows da "Redémarrer". D ya buɗe ba gardama, goman kuma suna nan da na dawo. A na uku na danna "Arrêter" ina riƙe da maɓallin Shift, sakamakon ya zo ɗaya da na biyu.

Na kuma nuna wa Hajiya wani abu a cikin Gestionnaire des tâches, inda Windows ke ƙirga tsawon lokacin da ta yi a kunne. Muka kashe da "Arrêter", muka kunna, lissafin bai koma sifili ba, ya ɗora daga inda ya tsaya. Ta kalli allon, ta kalle ni, ta ce, "Wato duk daren nan ba ta mutu ba ke nan?"

Ba ta mutu ba. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, Microsoft ta shigo da abin da allon Faransanci ke kira "démarrage rapide", wato saurin tashi, kuma a kunne yake zuwa a Windows 10 da 11. In ka danna "Arrêter", Windows tana rufe manhajojinka ta fitar da kai, amma ainihin zuciyar tsarin ba ta rufe ta. Tana kwashe halin da take ciki ta zuba a wani fayil mai suna `hiberfil.sys` a kan C, sannan ta yanke wuta. Da safe ta ɗauko shi ta ci gaba daga nan. "Redémarrer" kuwa cikakkiyar rufewa ce. Abin ya zo a juye da yadda hankali zai ba mutum, shi ya sa masu gyara da yawa ma ba sa kawo shi a rai. Kuma ga dalilin da sake zuba Windows bai yi komai ba: sabuwar ma da saurin tashinta a kunne ta zo.

Illar tana cikin abin da Windows ta tafi barci da shi. Kowane ɓangare na NTFS yana da babban kundi da ake kira MFT, inda kowane fayil ke da gurbinsa, yawanci mai girman bayit 1,024. Akwai taswirar da ke nuna inda ke cike da inda ke fili a faifan, kowace folda kuma da jerin sunayen abin da ke cikinta. Domin sauri, Windows na riƙe da sassan waɗannan a ka, ba kullum take komawa faifai ta duba ba. Ga yadda na kwatanta wa Hajiya. Mai kula da sito ne ya haddace littafinsa, ya kishingiɗa. Wani ya shigo ya jera buhuna goma a kusurwa, ya rubuta su a littafin yadda ya kamata. Mai sito ya farka, bai duba littafi ba tunda a saninsa ba wanda ya shiga. In ka tambaye shi buhunan nan zai ce babu. In sabon kaya ya zo zai sa a jibge shi a wannan kusurwar, don a kansa fili ce. In ya tashi rubutu kuma, shafin da ya haddace zai sake rubutawa a kan na baƙon. Daga nan littafi ya rikice, har wasu tsofaffin buhuna da ke shafi ɗaya su rasa suna. Haka kundin ɗalibar ya tafi, duk da cewa a Windows aka buga shi.

Saura gardamar safiya. Manhajar da Ubuntu 20.04 ke karanta NTFS da ita, ntfs-3g, ta san da wannan haɗari. Kafin ta buɗe ɓangare tana duba littafin aikinsa, `$LogFile`, in ta ga alamar Windows ba ta sake shi ba sai ta buɗe shi don karatu kawai, tare da saƙon cewa a koma a rufe Windows gaba ɗaya. Wannan ne "Coller" ɗin da ya dushe. Shi kuwa `ntfsfix`, ba ya yin aikin `chkdsk`, manhajar Windows mai bincike da gyaran faifai, takardar bayaninsa ma ta faɗi haka. Yana gyara 'yan ƙananan kurakurai, ya share wancan littafin aiki, ya bar wa Windows alamar ta yi bincike. Da littafin ya zama fanko, ntfs-3g ba ta da abin da za ta gani, sai ta buɗe ƙofa. A kan C da umarnin ya ƙi aiki, don zai tarar da `hiberfil.sys` ya ja da baya. D ba shi da wannan fayil.

Abin da aka ceto

Waɗancan lokutan da allo ke tsayawa yana binciken D, `chkdsk` ne ke aiki. Fayil ɗin da ya tarar ba shi da foldar da zai mayar da shi, yakan tara shi a wata ɓoyayyar folda mai suna `found.000`, wadda Windows ba ta nunawa sai an buɗe zaɓin ganin fayilolin tsarin. Daga Ubuntu kuwa a fili take. Akwai `found.000` da `found.001`, kuma a cikinsu muka tarar da fayiloli 17 daga cikin 41, wasu da sunansu, wasu an mai da su `file0000.chk` da makamantansu, sai da muka bi su ɗaya-ɗaya muna sauya musu ƙarshen suna. Kundin ɗalibar yana ciki, shafi 84 cif. Budurwar ta buɗe shi, ta gangara har ƙasa, ta rufe, ba ta ce komai ba.

Sauran na bi su da PhotoRec, manhajar kyauta ta Christophe Grenier, wadda ba ruwanta da kundi, gurbi-gurbi take bin faifai tana neman abin da ya yi kama da farkon hoto ko takarda. Tana dawo da kaya ba suna, sai lambobi, kuma ta kwaso dubban tarkace da ba a nema ba. Yamma biyu ɗalibin ya yi yana tacewa, ya fitar da 11 masu buɗuwa. Huɗu sun fito rabi da rabi. Tara sun tafi, an riga an rubuta wani abu a kansu. Galibinsu masu su suna da kwafi a kile ko a WhatsApp. Biyu ne, hotunan wasu tsofaffin takardun fili da aka yi wa sikanin, sai da mai su ya sake kawo na asali daga ƙauye.

Tsakiyar Maris: gyaran farko

Na shiga Panneau de configuration, Options d'alimentation, "Choisir l'action des boutons d'alimentation", na cire alamar da ke kan "Activer le démarrage rapide". Na sa `chkdsk D: /f` ya bi ɓangaren sosai daga cikin Windows. Agogon ma na daidaita shi da `timedatectl set-local-rtc 1` a Ubuntu.

Ɗalibin ya kawo shawarar a mai da D zuwa FAT32 ko exFAT, tunda su ba ya jin suna gardama. Ban yarda ba. Rashin gardamar ba lafiya ba ce: Windows na riƙe da bayanansu a ka kamar yadda take riƙe da na NTFS, sai dai babu mai tsayar da kai a ƙofa. Ga kuma FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai giga 4.

Farashin gyaran shi ne jira. Da can kwamfutar na tashi cikin daƙiƙa 25, yanzu sai ta haura minti guda. Hajiya ta ce ta ji ta gani. Mako biyar ba a rasa ko fayil ɗaya ba.

Afrilu: an kashe maciji ba a sare kansa ba

A mako na uku na Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, aka ɗauke wuta tun azahar. Hajiya ta ci gaba da aiki a kan batir, aka kira ta waje, kafin ta dawo allo ya mutu. Ta ɗauka batir ne ya ƙare kwamfutar ta kashe kanta, ta rufe shago. Washegari budurwar ta tada Ubuntu, D ya ƙi rubutu a karon farko tun Maris. Ga mutum a tsaye yana sauri, ga "Buɗe D" a inda take. Ta danna. Fayiloli 3 suka tafi.

Wannan kuskurena ne, har biyu. Saurin tashi kaɗai na kashe, na bar uwarsa, wato dogon barcin da allon ke kira "veille prolongée". Laftof in batirinta ya kai gargara, abin da Windows ke yi da kanta shi ne ta shiga wannan barcin, ta zuba komai a `hiberfil.sys`, har da takardun da ke buɗe. Na biyu, na bar alamar a kan allo don na ɗauka ba za a sake bukatarta ba.

A wannan karon na buɗe layin umarni da izinin shugaba na rubuta `powercfg /h off`. Wannan yana kashe dogon barci da saurin tashi a tare, ya kuma goge `hiberfil.sys`, abin da ya dawo wa C da fili sama da giga 3. Na saita cewa in batir ya kai ƙarshe kwamfutar ta mutu sosai, na ɗaga gargaɗin ƙarancin batir zuwa kashi 25 cikin 100, na rage tazarar adanawar Word zuwa minti 3 domin abin da za a rasa in ta mutu kada ya yi yawa. Na goge "Buɗe D". A wurinta aka manna 'yar takarda a gefen allo, da rubutun budurwar: in D ya ƙi, a koma Windows a danna Redémarrer. Tunda an tsaya da wuri ba a rubuta komai a kai ba, biyu daga cikin ukun sun dawo.

Mayu zuwa Yuni, da abin da na gani

Lokacin jarrabawar BEPC da Probatoire da Baccalauréat shi ne kakar shagon, kuma an wuce shi ba a rasa komai ba. Sau biyu D ya ƙi rubutu, duka bayan kwamfutar ta mutu ba shiri, duka kuma komawa Windows a sake tadawa ya warware. Hajiya ta sayi faifan waje da kuɗin da ta so kashewa a kan sabon faifai, ana kwafe D duk ranar Asabar. Na ce wa ɗalibin ya riƙa leƙa saitin wuta bayan kowane babban sabuntawa na Windows.

A ganina abu biyu ne suka haɗu, kuma ɗaya shi kaɗai ba zai yi ɓarna ba. Saurin tashi ba aibi ba ne a kwamfutar da Windows kaɗai ke ciki, don ba mai taɓa faifan tana barci. Ko da aka ƙara Ubuntu, iyakar abin da zai jawo shi ne gardamar safiya, abin haushi amma ba asara. Alamar "Buɗe D" ce ta mai da haushin asara. Ban ga laifin ɗalibin sosai ba. Umarnin yana ko'ina a intanet, sunansa ma na cewa gyara yake yi, kuma a gaban idonsa ya yi aiki. Abin da ya tsallake shi ne saƙon da ntfs-3g ta rubuto, wanda ya faɗi cutar da maganinta cikin 'yan layuka, amma da Ingilishi, a shagon da ake aiki da Faransanci ana hira da Hausa da Fulatanci. Mai gyaran kasuwa kuwa bai tambayi komai game da Ubuntu ba, ya yi abin da ya saba. Ni ma na yi rabin aiki a Maris.

Wadda ta fi kowa kusa da amsar ita ce wadda aka fi zargi, kuma ta riga ni da wata guda. An bar jaki ana dukan taiki ne kawai saboda ita ce ke wurin da safe. Hajiya ta biya ta kuɗin dare ukun nan a ƙarshen Maris, ta kuma mayar mata da kalmar sirri. Ko ta koma wurin maƙwabcin shago ta janye tambayar da ta yi masa, wannan ban tambaya ba.